JARRABAWAR DA BA BAƘI BA WASALI

Akwai wata irin takarda da kan shigo gidajen mutanen Arewa mazauna Kudu ta sa maigida ya yi tagumi. Yaro ne zai taso daga makaranta a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ya buɗe jaka ya miƙa littafin aikin gida. Uban ya duba. Ba Turanci ba ne balle ya ce shi bai yi boko ba, ba kuma lissafi ba ne balle ya jawo basirar da yake ƙirga kuɗin goro ko na shanu da ita. Zane ne zalla. Ga da'ira ta hau kan alwatika, watau siffa mai kusurwa uku, ga alwatikar ta kutsa cikin murabba'i, ga wani layi ya ratsa su duka, can ƙarshe kuma ga akwati wayam da alamar tambaya. A ƙasa an jera zane biyar ko shida, an ce a zaɓi ɗaya. Mutumin da ke lissafin tirela guda ta albasa da ka, ba biro ba takarda, sai ya juya littafin sama ya koma ƙasa, ya mayar wa yaron, ya ce gobe ya tambayi malaminsu.

Yayan yaron ma bai tsira ba. Wanda ya gama jami'a ya nemi aiki a banki ko wani babban kamfani a Ikko ko Fatakwal, sau da yawa kafin a ga fuskarsa sai an zaunar da shi gaban kwamfuta an gwada shi, cikin abin da ake gwadawa kuwa har da irin wannan zane. Agogo na tafiya a gefen allo, tambaya na bin tambaya. Sai saurayi ya fito yana cewa Turancin ya yi, lissafin ya yi, zanen banza ne ya kayar da shi.

Wannan shi ne gwajin basira wanda ba ruwansa da harshe. Masu shirya shi suna alfahari da cewa ba ya fifita ɗan mai jin Turanci a kan ɗan wanda ba ya ji, kuma ta wani gefe suna da gaskiya. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, zanen nan yana da nasa nahawu. Ƙa'idodinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wanda aka taɓa nuna masa su kuwa ya riga ya yi wa wanda bai taɓa gani ba fintinkau tun kafin a ce a buɗe takarda.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Yaƙi ne ya fara fito da irin wannan gwaji fili. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, sai ta tarar da ɗimbin sababbin sojoji waɗanda ba su iya karatu ba, ko kuwa baƙi ne da ba su jin Ingilishi. Wani masani mai suna Robert Yerkes da abokan aikinsa suka shirya jarrabawa iri biyu, ɗaya ta masu karatu, ɗaya ta zane, wadda ake nuna yadda za a yi ta da hannu da kuma misali a kan allo. Mutum wajen 1,750,000 aka gwada da su biyun.

A ɓangaren abokan gaba kuwa, a Jamus, wani likita mai suna Walther Poppelreuter yana fama da sojojin da aka raunata a ka. A littafin da ya fitar a 1917 ya zana kayan amfanin yau da kullum ɗaya bisa ɗaya, layukansu duk sun sarƙe, yana sa majinyaci ya faɗi abin da ya gani. Mai lafiya yakan ware su nan da nan. Wanda wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu, ko da yana gani, sai ya kasa raba wannan da wancan. Ke nan ware siffar da ta hau kan wata aikin ƙwaƙwalwa ne, ba na ido kaɗai ba. Har yanzu likitoci na amfani da irin wannan zane wajen auna tsofaffin da ake zaton ƙwaƙwalwarsu ta fara rauni.

Amma wanda sunansa ya fi fita shi ne John Raven, Baturen Ingila, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1970. Yana aiki ne tare da wani likita, Lionel Penrose, a garin Colchester, suna binciken yadda raunin hankali ke bin zuriya. Aikin ya kai shi gida-gida yana gwada iyaye da 'ya'ya, sai ya tarar jarrabawar da ake da ita ta cika dogon bayani, ga hayaniyar gida, ga wasu iyayen ba su iya karatu ba. Ya zauna ya ƙago tasa, aka buga ta a 1938. Tambaya 60 ce, kashi 5, kowane kashi tambaya 12, daga mai sauƙi ana hawa zuwa mai wuya. Kowace tambaya zane ne da aka gutsure wani yanki nasa, a ƙasa ga guntaye 6 ko 8, mutum ya nuna wanda zai cike giɓin. Daga 1942 duk mai shiga sojan Ingila sai ya zauna gajeruwarta ta minti 20. A 1947 aka fitar da wata mai launi, tambaya 36, domin ƙananan yara. Yawancin tambayoyin akwati mai gida tara da ake gani yau jikokin wannan ne.

A Ingila har yanzu akwai makarantun sakandare na gwamnati 163 masu zaɓen yara da jarrabawar 'yan shekara 11, kuma a wurare da dama, kamar Kent da Lincolnshire, zane yana cikin abin da ake tambaya. A nan Nijeriya, hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedkwata a Minna, ita ke shirya jarrabawar shiga makarantun haɗin kai na Tarayya irin su King's College da Queen's College na Ikko. A ciki akwai sashen gwada basira inda ake zuba lambobi cikin da'ira da akwati, a ba da misali, yaro ya gano ƙa'idar da kansa ya cike sauran. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da tambayar zane, domin ba wanda zai gaya maka ƙa'ida, kai za ka tono ta.

GIDA TARA

To, a ɗauki tambayar da aka fi yi. An zana akwati an raba shi gida 9, jeri uku, kowane jeri gida uku. An cika 8 da zane, na ƙarshe a kusurwar dama ta ƙasa an bar shi ba kome.

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne tsallakawa ƙasa ya fara leƙen amsoshi, yana neman wadda ta yi masa kyau a ido. Masu shirya jarrabawa sun san da wannan hali. Amsoshin ƙarya ba da ka aka zana su ba, kowace ɗaya an gina ta ne a kan wani kuskure da aka san mutane na yi. Saboda haka dabara ta farko ita ce a sa hannu a rufe amsoshin, a tsaya kan akwatin tukuna.

A ce a jeri na ƙarshe, gidan farko da'ira ce da layi a tsaye a tsakiyarta. Gida na biyu da'ira ce irinta sak, amma layinta a kwance yake. Me zai zo a gida na uku?

Amsa uku ce ke iya fitowa, kowace da hujjarta. In ƙa'idar tambayar tarawa ce, watau a ɗauki zanen farko a kife shi kan na biyu ba a zubar da kome ba, to za a sami da'ira da layi biyu a gicciye cikinta, kamar alamar tarawa ta lissafi. In kuwa ƙa'idar ita ce duk abin da ya zo sau biyu ya ɓace, to da'ira ta hau da'ira sun kashe juna, saura layukan biyu tsirara ba zobe. Wannan kamar mutum biyu ne masu bin juna bashi: abin da ya zo daidai a soke shi, ragowar ita ce magana. In kuma ƙa'idar ita ce abin da gidajen biyu suka yi tarayya a kai shi kaɗai zai tsira, to layukan sun tafi, sai da'ira wayam.

Duka ukun nan mai karatu zai same su a jere a ƙasa suna jiransa. Alƙalin da zai raba gardama shi ne jeri na farko da na biyu, waɗanda aka riga aka cika. A duba na farko: abin da ya zo a gida na ɗaya da na biyu duka, ya fito a na uku ko ya ɓace? Abin da ya zo sau ɗaya fa? In an sami ƙa'ida, kada a yarda da ita sai an gwada ta a jeri na biyu ta zauna daram. Sa'an nan a ɗora ta kan na uku, a zana amsar a zuci ko a gefen takarda, kana a ɗaga hannu a nemi mai kama da ita. A tambayoyi da yawa ƙa'idar na aiki daga sama zuwa ƙasa kamar yadda take aiki daga hagu zuwa dama, wannan kuwa shaida ce ta biyu kyauta.

Akwai ta huɗu, ɗebewa. Zanen farko cike yake da layuka, na biyu kaɗan ne daga cikinsu, na uku shi ne abin da ya rage bayan an zare na biyun. Mai iya ba da canji ba ya bukatar a ja masa bayani a nan.

Inda abin ke ƙara ruɗawa shi ne in an shigo da launi. Sai a ga kowane gida an yanka shi kashi-kashi, wani baƙi wani fari, kuma baƙi ya hau kan baƙi amma a gida na uku wurin ya fito fari. Ba tsafi ba ne. In launi biyu ne kawai, haɗuwa huɗu ce tak ke yiwuwa: baƙi da baƙi, baƙi da fari, fari da baƙi, fari da fari. A rubuta su a gefe, a nemi abin da kowace ta haifa a jerin da aka cika, shi ke nan an sami mabuɗi. In an ƙara na uku mai ratsi-ratsi, haɗuwar ta zama 9, aikin ya ƙaru amma hanyar ba ta sake ba.

A 1990 wasu masana uku na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Patricia Carpenter da Marcel Just da Peter Shell, suka buga sakamakon wani bincike a kan mafi wuyar tambayoyin Raven. Sun zaunar da ɗalibai suna amsawa, na'ura na bin inda idonsu ke sauka. Suka tarar ƙa'ida iri biyar ce ke riƙe da yawancin tambayoyin: abin da ba ya sakewa cikin jeri, abin da ke ƙaruwa ko raguwa ko juyawa taki-taki, tarawa ko ɗebewa, rabon abu uku yadda kowane jeri zai sami kowane iri sau ɗaya, da kuma wadda kowane abu ke fitowa a gida biyu ya ɓace a ɗaya. Abin ban sha'awa, gwanaye da marasa ƙarfi duk hanya ɗaya suke bi, suna gwada gida da gida, suna gano ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ke hango amsa gaba ɗaya kamar walƙiya. Inda gwani ya fi shi ne riƙe ƙa'ida ta farko a ka yayin da yake neman ta biyu da ta uku.

Wannan kuwa yana da magani. Wanda kansa ba ya riƙe uku a lokaci guda, sai fensir ya riƙe masa. A bi siffa tukuna: in an tabbata alwatika ce za ta zo, a soke duk amsar da ba alwatika. Sa'an nan launi, a sake sokewa. Sa'an nan yawa, ko inda bakin siffar ke kallo. Kafin a zo ta uku sau da yawa amsa biyu ce ta rage.

WANE NE A SAMA?

Wata irin tambayar kuma siffofin ba a hango abu ta cikinsu, kamar faifai ne aka ɗora kan faifai. A nan abin lura shi ne wanda ke sama da wanda ke ƙasa, alamar kuwa ɗaya ce: layin da ya yanke na wanda ke ƙasa ne, layin da ya zagayo bai katse ba na wanda ke sama ne. Sai a jera zane huɗu, a na farko da'ira ce a sama, a na biyu ta koma tsakiya, a na uku ta koma ƙarƙashi, a ce me zai biyo. Yaron da ke kallon siffofin kawai zai ce ai duk ɗaya ne. Wanda aka koya wa bin layi da bakin fensir zai ga layi ake bi, kamar masu jiran mota a tasha, na gaba ya koma baya.

A nan kam ɗan Arewa bai kamata a bar shi a baya ba. Dagin nan da ke jikin gine-gine da riguna da kayan fata ba kome ba ne face layi mai hawa ya nutse, ya sake hawa ya sake nutsewa. Mai aikin babbar riga da ke fitar da aska takwas, da mai saƙar tabarma, da mai ɗinkin hula, kullum cikin wannan lissafi suke, in zare ɗaya ya hau inda ya kamata ya nutse idonsu zai kama shi daga nesa. Idon yana nan. Abin da ya rage a nuna wa yaro cewa abin da ke kan takardar ɗan'uwan wanda ke wuyan rigar babansa ne.

Tarkon da ya fi kama mutane a wannan sashe shi ne na madubi. Za a nuna siffa, a ce a nemo ta cikin amsoshi bayan an juya ta. Cikin amsoshin sai a sa wadda ba juya ta aka yi ba, kife ta aka yi, dama ta koma hagu. Takalmin ƙafar dama duk yadda aka jujjuya shi a ƙasa ba zai zama na hagu ba. Hanyar tsira ita ce a kama alama biyu a jikin siffar, misali ɗigo da ƙugiya, a duba in an tashi daga ɗigo ana bin yadda hannun agogo ke tafiya, ƙugiya ce ke biye ko kuwa. Juyi ba ya sake wannan tsari. Madubi ne ke sake shi.

Akwai kuma tambayar ɗigo, wadda ke cikin jarrabawar da Raymond Cattell ya fitar a 1949. An zana da'ira da alwatika da murabba'i sun shiga juna, an sa ɗigo a wani wuri. Ana so a nemo, cikin wasu zane biyar, inda za a iya ajiye ɗigon ya sami irin mazauninsa na farko. Girman siffofin da yadda aka karkata su duk ruɗi ne. A faɗi mazaunin ɗigon da baki, ko da a zuci: yana cikin da'ira, yana cikin alwatika, yana wajen murabba'i. Sai a bi amsoshin ana neman wadda ke da fili irin wannan, ko da bai fi ƙwayar gero ba. Wanda ya yi lissafin sakandare zai tuna da da'irorin John Venn, masanin Ingila da ya bayyana su a 1880. Da'ira biyu in sun shiga juna fili 3 suke bayarwa, uku kuwa in kowace ta shiga sauran fili 7 ne, ban da na waje.

KWABO MAI HUJI

Sai tambayar ƙirga, wadda ta fi kowace jawo musu a zaure. Dattawa za su tuna da kwabo mai huji na zamanin Turawa, da anini, da kwabon da Nijeriya ta buga a 1959, kafin zuwan naira a 1973. A bayansu akwai tauraro mai tsini shida, irin wanda ke kan tutar Nijeriya ta mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960. Tauraron nan alwatika biyu ce, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, aka sarƙa su. To, alwatika nawa ce a jikinsa? Mai gaggawa zai ce 2. Wanda ya ɗan nutsu zai ƙirga tsinayen ya ce 6. Amsa 8 ce, ƙanana 6 da manya 2.

Ƙa'idar ƙirga ita ce a bi girma-girma, kada a yi tsalle. A fara da ƙananan da ba layin da ya ratsa su. Sa'an nan waɗanda guntu biyu suka haɗu suka yi, sa'an nan na guntu uku ko huɗu, har a kai ga babbar da ta rungume kome. Murabba'in da aka ja wa layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa yana da ƙananan alwatika 4, kuma kowace biyu maƙwabta sun haɗu sun yi babba, su ma 4, jimla 8. Tagar da aka raba gida 9 daidai wa daida murabba'i 14 gare ta: ƙanana 9, masu gida huɗu-huɗu guda 4, da ita kanta tagar. Ita babbar nan ta ƙarshe ita aka fi mantawa da ita, don ta cika girma har ido ya daina ganinta.

GADO NE KO SABO?

Nan ne maganar ta shafi zuciyar iyaye. Yaro ya faɗi irin wannan gwaji, sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, tun da ai ba Turanci a ciki balle a ce harshe ne ya hana shi. Bincike bai goyi bayan wannan saurin hukunci ba.

James Flynn, malami a Jami'ar Otago ta Niyu Zilan, ya tattara sakamakon gwajin basira na ƙasashe 14 ya buga a 1987. A Holan, inda ake gwada samari 'yan shekara 18 da tambayoyin Raven kafin aikin soja, makin ya tashi da wajen 20 tsakanin 1952 da 1982, a ma'aunin da matsakaicin mutum ke samun 100. Cikin shekara 30 jinin mutanen Holan bai sake ba. Abin da ya sake shi ne rayuwarsu da karatunsu. A Kenya ma, a karkarar gundumar Embu, an gwada yara da jarrabawar Raven mai launi a 1984, aka sake gwada tsararsu a 1998, sai aka ga makin ya yi sama sosai. Masu binciken, Tamara Daley da abokan aikinta, a rahotonsu na 2003 sun danganta haka da ƙaruwar iyaye masu karatu, da sauyin yawan 'ya'ya a gida, da ingancin abinci da lafiya.

Ko karanta hoto ma koyonsa ake yi. A 1960 William Hudson ya buga wani gwaji da ya yi a Afirka ta Kudu. Ya nuna hoton maharbi da mashi, ga barewa a gabansa, ga giwa an zana ta ƙarama a tsakaninsu don a nuna tana can nesa kan tudu. Ya tambaya: wa maharbin ke auna? Masu zuwa makaranta sun fi cewa barewa. Manyan da ba su cikin makaranta, har da wani rukuni na leburori farar fata, sun fi cewa giwa, domin a kan takarda ita ce kusa da bakin mashin. An soki hotunan Hudson daga baya, an ce su kansu ba su fita sosai ba, kuma sukar na da tushe. Amma ta ƙara nuna cewa yadda aka zana abu da yadda mutum ya saba kallon zane suna shiga cikin makin da zai samu.

Kada kuma a zarce da murna. Horo yana ɗaga maki a irin tambayar da aka yi horo a kanta, ba ya mai da kowa gwani, kuma tambayoyin ƙarshe masu ƙa'ida uku ko huɗu a haɗe za su ci gaba da tace mutane. Abin da horo ke yi shi ne ya kawar da asarar banza, wadda yaro mai basira ke yi don kawai yau ne farkon ganinsa da abin. A unguwannin masu hali na Ikko yara na da littattafan irin wannan tun suna ƙananan azuzuwa, wasu har da malamin gida. Ɗan mai shago a zango, wanda watakila ya fi su kaifin kai, a zauren jarrabawa yake fara gamuwa da shi, kuma takarda ɗaya za a ba su, lokaci ɗaya za a karɓe.

ABIN DA ZA A IYA A GIDA

Abin daɗi, kayan koyon ba su da tsada. A sami farar leda wadda ake hango abu ta cikinta, a yanka gida-gida daidai girman tafin hannu. A zana da'ira da layi a tsaye a ɗaya, da'ira da layi a kwance a ɗaya, a ɗora su a ɗaga wa haske. Yaro zai ga tarawa da idonsa. Sai a tambaye shi: in abin da ya hau kan ɗan'uwansa ya ɓace, me zai rage? In shi kaɗai ya tsira fa? A yanka kwali da almakashi a fitar da da'ira da alwatika da murabba'i, a riƙa sake wanda ke sama, yaro na zana abin da ya gani. A ba shi guntun kwali mai ƙugiya a gefe ɗaya ya jujjuya shi a kan tabarma, sa'an nan ya kife shi, ya ga bambancin da hannunsa. Tsinken ashana ya isa a gina taga mai gida tara a yi ta ƙirga. Uban da bai yi boko ba zai iya duk wannan, har ma ya kayar da ɗan nasa, tun da ba baƙi ba wasali.

Minti 15 kullum ya fi awa uku a daren jarrabawa. In yaro ya fara kamawa, a shigo da agogo, domin sau da yawa abin da ke kan kowace tambaya bai kai minti ɗaya ba. A koya masa in tambaya ta ƙi, ya yi mata alama ya wuce, kada guda ɗaya ta cinye lokacin biyar. Ya kuma saurari bayanin farko da kyau ya ji ko ana rage maki in an yi kuskure. In ba a ragewa, barin gida ba amsa asara ce, musamman bayan an soke uku cikin biyar.

Wani abu kuma da ake mantawa shi ne ido. Yaron da ke matso da littafi har hanci, ko yake runtse ido in yana kallon allo, ba zai bambanta ratsin da ya karkata dama da wanda ya karkata hagu ba, kuma a wannan jarrabawa bambancin ke nan tsakanin ci da faɗuwa. A kai shi a auna idon tun da sauran lokaci. Haka nan takardun gwaji da ake sake bugawa a injin kwafi har baƙi ya koma toka-toka, gara a nemi masu fita sosai, don kada yaro ya yi ta fama da tambayar da injin ya riga ya lalata.

Ga guda biyu na gwaji a zaure yau da dare. Tauraro mai tsini biyar, irin wanda yara ke zanawa ba tare da ɗaga fensir ba, alwatika nawa ce a jikinsa? Zobba biyar na wasannin Olamfik, uku a sama biyu a ƙasa, fili nawa suka kewaye? Na farko 10 ne, ƙanana 5 a tsinaye da manya 5 da suka ratsa tsakiya. Na biyu 9 ne, domin zobban sun shiga juna a wuri 4, kowane zobe kuma yana da nasa fili da bai haɗa da kowa ba.